Sharhi a Kan Zaɓen Manhajar Tace Sauti Ga Makaho

Yana daga cikin al'amuran ban mamaki na wannan zamani a ce sana'ar tace sauti, wadda tun farkonta kunne ne alƙalinta, ta wayi gari ta zama aikin ido, har ta kai ga makaho, wanda duk rayuwarsa a kan sauraro ta ginu, shi ne ake tsayawa ana shakkar ko zai iya ta. Alhali kuwa tarihi bai taɓa nuna gazawar makafi a fagen murya ba, domin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, Allah Ya yarda da shi, ladani ne a Madina tun zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama. Imam Shaɗibi, wanda har gobe masu ilimin ƙira'a ke haddace littafinsa, makaho ne. A nan gida ma Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, bai ga takardar da aka rubuta waƙensa a kanta ba. A zamanin kwamfuta kuwa ga Cobhams Asuquo, wanda aka haifa ba ya gani, shi ya shirya wa mawaƙiya Asa kundin da ya fito da ita duniya a 2007. Saboda haka mas'alar da ke gabanmu ta kayan aiki ce, watau wace manhaja ce, daga cikin tarin waɗanda ke kasuwa, makaho zai zauna gabanta shi kaɗai, ya ɗauki murya, ya yanke, ya haɗa, ya daidaita, ya fitar da aikinsa, ba tare da ya kira wani ya duba masa ba.

Kada mai karatu ya zaci magana ce ta mutane ƙalilan. Binciken makanta da aka yi a duk faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, watau kimanin mutum miliyan 1.13, kuma abin ya fi tsanani a arewa maso gabas. Aikin murya kuwa kullum yawaita yake yi a ƙasar Hausa, daga gidajen rediyo masu zaman kansu zuwa tafsirin azumi, da karatun littattafai, da tallace-tallace, da darussan da malamai ke aikawa ta WhatsApp, kuma dukkansu aiki ne na zaune, wanda ba ya buƙatar ƙetare titi ko hawa babur.

Yana da kyau a waiwayi yadda ake yi kafin kwamfuta, domin a nan ne za a gane inda gizo ya yi saƙa. A zamanin tef mai faifai biyu, idan mai gabatar da shiri ya yi tuntuɓen harshe, ma'aikaci kan tsai da na'ura, ya ɗora hannu ɗaya a kan kowane faifai, ya riƙa juya su gaba da baya sannu a hankali, tef ɗin yana gogar kan da ke karanta shi, murya tana fitowa a kaurare kamar ta mai magagi, har ya ji daidai inda kalmar ta fara. Sai ya yi alama, ya kwantar da tef a cikin wani ɗan ƙarfe mai kwari, ya sa reza ya yanke a karkace, ya nemo ƙarshen kalmar ya sake yankewa, sannan ya liƙe bakin biyu. Kunne da yatsu su ne rukunan wannan aiki. Da kwamfuta ta zo sai aka zana sauti a fuskarta, tudu da kwari, aka ba mutum linzami aka ce ya ja daga nan zuwa can. Masu gani suka sami sauƙin da ba a taɓa yin irinsa ba, makafi kuwa aka rufe musu ƙofar da take a buɗe, ba don mugun nufi ba, sai don gafala irin ta wanda bai taɓa tunanin akwai mai aiki da kwamfuta ido rufe ba.

Makaho yana aiki da kwamfuta ne ta hanyar wata manhaja da ke karanta masa abin da ke fuskarta da murya, wadda za mu kira makaranci don taƙaitawa. Mafi shahara a Windows su ne JAWS da NVDA. Na farkon Ted Henter ne ya assasa shi, wani Ba'amurke ɗan tseren babur da ya makance a haɗarin mota a 1978, ya fito a Windows a 1995, kuma na kuɗi ne, wanda bai biya ba yakan yi masa aiki minti 40 ya tsaya sai an sake kunna kwamfuta. Na biyun wasu makafi biyu 'yan Ostareliya ne suka raine shi, Michael Curran da James Teh, tun daga 2006, kuma kyauta ne. Kamfanin Apple ya sa nasa, VoiceOver, a cikin kwamfutocinsa tun 2005. Sai dai lalle a fahimci wani abu guda, wanda shi ne tushen mas'alar duka: makaranci ba ya gani. Tambaya yake yi. Idan mai aiki ya matsa zuwa wani maɓalli, makaranci kan tambayi manhajar, ta wata kafa da Windows ko Mac suka tanada, mene ne sunan wannan abu, wane iri ne, a kunne yake ko a kashe. In wanda ya rubuta manhajar ya sa wa kowane maɓalli suna, sai makaho ya ji an ce masa ɗauka, ko tsaya, ko ƙarfin murya kaza. In kuwa zana maɓallin kawai ya yi don ya ƙayatar da ido, to makaranci zai yi shiru, ko ya yi ta maimaita cewa maɓalli ne, maɓalli ne, ba tare da ya faɗi na mene ne ba.

Daga nan ne sharuɗɗan zaɓe suke fitowa, kuma babbansu shi ne a iya gudanar da kowane aiki da allon maɓallai, ba tare da an taɓa linzami ba. Bayansa sai manhajar ta riƙa ba da labarin halin da take ciki, ta faɗi a wane minti ake, wane layi aka zaɓa, ana ɗauka ko an tsaya, domin babu baƙin ciki kamar mutum ya gama hira da dattijo ta sa'a guda sannan ya tarar ba a ɗauki ko kalma ba. Manhajar da ta cika kashi tara cikin goma na waɗannan sharuɗɗa, amma a wurin ajiye aiki sai an nemo mai ido, hukuncinta hukuncin ɗan jagora ne da ya kai makaho har bakin titi ya saki sandar, domin tafiyar da aka yi a baya ba ta da wata fa'ida in ba a ƙetare ba.

Wadda galibi ake farawa da ita ita ce Audacity, wadda Dominic Mazzoni da malaminsa Roger Dannenberg suka fara a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1999, aka sake ta ga jama'a a watan Mayu na 2000. Kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma a Windows tana jituwa ƙwarai da NVDA da JAWS, ko da yake a Mac ba ta kai haka ba. Bari mu kwatanta yadda aikin ke gudana a cikinta. A ce an ɗauko karatun wani malami, yana tsakiyar fassara aya sai tari ya sarƙe shi, kuma ana so a cire tarin. Mai tacewa zai danna dogon maɓallin tazara karatu ya fara, yana sauraro, yana tsallakawa gaba da maɓallin kibiya, har ya iso wurin. Da malam ya rufe baki a kalmar ƙarshe sai ya danna [, da tari ya lafa, kafin malam ya ja numfashin ci gaba, sai ya danna ]. Yanzu an zaɓi tarin. Kafin ya yanke sai ya danna C, manhajar ta jiyar da shi daƙiƙa biyu kafin wurin da daƙiƙa ɗaya bayansa, a haɗe, kamar an riga an yanke, don ya ji ko maganar ta zauna. In ya ji an gutsure ƙarshen wasali sai ya ɗan matsar da iyakar. In ta zauna sai ya danna Z, wadda ke gusar da bakin yankan zuwa inda igiyar sauti ta kwanta, don kada a ji wani ɗan ƙas a mahaɗar, sannan ya share. In ya yi kuskure, Ctrl da Z su mayar masa da abinsa. A duk wannan babu inda aka buƙaci ido, hasali ma mai gani yakan yanke inda zane ya nuna masa shiru, ya kwashe har da numfashin malam, karatu ya fito a cushe, alhali mai bin kunne ya san numfashi ma wani yanki ne na magana.

Akwai kuma maganin ƙarar janareto ko ta fanka, wanda a ƙasarmu ya kusa zama wajibi: ana zaɓar ɗan wurin da ba kowa ke magana sai ƙarar ita kaɗai, a ce wa manhajar ta ɗauki siffarta, sannan a zaɓi ɗaukacin aikin a ce ta rage. Wanda ya zarce gona da iri a nan zai ji murya ta koma kamar daga ƙarƙashin ruwa, don haka a yi da sauƙi.

Tsarar Audacity a wurin makafi ita ce GoldWave, wadda ta fito daga birnin St. John's na ƙasar Kanada a 1993, kuma tana da masoya na haƙiƙa, saboda tsarinta a miƙe yake, ita ma da [ da ] ake kafa iyakoki, kuma tana iya yi wa tarin fayiloli gyara iri ɗaya a zama guda, abin da zai amfani wanda ke riƙe da tafsirin wata guda. Ta kuɗi ce, amma ana gwada ta kafin a saya, kuma ƙarfinta a kan fayil guda yake, ba a kan haɗa layuka da yawa ba. Ma'aikatar buga littattafan makafi ta Amurka da ke Louisville ita ma ta fitar da Studio Recorder musamman don masu karanta littafi a ɗauka. Masu Mac suna yabon Amadeus Pro.

Amma idan aiki ya girma, ya zama akwai muryar mai gabatarwa, da ta baƙo, da taken shiri a ƙarƙashinsu, da talla a tsakiya, ko kuma waƙa ce mai amshi da kayan kiɗa, to a nan ra'ayin mafi yawan ƙwararrun makafi ya karkata ga REAPER, kuma a ganina da hujjarsu. Justin Frankel, wanda ya ƙirƙiro Winamp, shi ya kafa kamfaninta, ta kuma fito sosai a 2006. Ita kaɗai ba ta wadatar da makaho, sai an ɗora mata wani ƙari na kyauta mai suna OSARA, wanda James Teh ɗin nan na NVDA ya assasa, kuma da zarar an ɗora shi sai manhajar ta buɗe baki: kibiyar sama da ta ƙasa su kai ka daga layi zuwa layi tana faɗin sunan kowanne da halinsa, kibiyar hagu da ta dama su riƙa jan sauti kaɗan-kaɗan a kunnenka, daidai da yadda ake juya faifan tef a da, S ta tsaga murya a inda kake tsaye. Wanda ya manta aikin wani maɓalli sai ya danna F12, daga nan duk abin da ya taɓa za a gaya masa aikinsa ba tare da an aikata ba. Wata falalarta kuma ita ce ba ta taɓa asalin abin da aka ɗauka, umarni kawai take rubutawa, don haka abin da aka yanke yau ana iya dawo da shi baɗi. Fayil ɗin girka ta a Windows bai kai megabayit 20 ba, wanda ba ƙaramar rahama ba ce ga mai sayen data da awo. Kuɗinta dala 60 ne ga ɗaiɗaikun mutane da makarantu da ƙananan sana'o'i, dala 225 ga manyan kamfanoni, bayan gwaji na kwana 60. Kuma ko kwanakin sun cika ba ta kulle kanta, tunatarwa kawai take yi, ta bar mutum da amanarsa. Illarta guda ce, kuma ba ƙarama ba: umarninta sun yi yawa ainun, wanda ya faɗa mata ba malami yakan ruɗe ya gudu a makon farko.

Sauran manyan ba sa buƙatar dogon bayani ga mai karatunmu. Pro Tools, wadda manyan situdiyo na duniya suka dogara da ita, ta fara magana da VoiceOver a 2010 bayan doguwar fafutukar makafi masu sana'ar, irin su Slau Halatyn na New York, amma tana son kwamfutar Mac da kuɗi mai kauri. Logic Pro ma ta Mac ce. Ableton Live, ta mutanen Berlin, sai a fitowarta ta 12, a 2024, ta buɗe wa makaranci ƙofa. Adobe Audition kuwa, jikanyar Cool Edit ɗin nan da tsofaffin ma'aikatan rediyo suka saba da ita, duk da yaɗuwarta a gidajen rediyonmu, ba ta cikin waɗanda makafi ke yi wa shaidar sauƙi, kuma wannan ne ya sa matashi makaho kan je neman aiki a ce masa ba zai iya ba, alhali abin da ba zai iya ba ita ce manhajar da ke kan kwamfutar gidan, ba aikin ba.

Akwai wurare biyu da har yanzu suke da wuya ko da an dace da manhaja. Na farko ma'aunin ƙarfin sauti, wanda masu gani ke kallonsa yana hawa daga kore zuwa ja. Idan murya ta haura sifili a wannan ma'auni takan fashe, kuma fashewar ba ta gyaruwa yadda ake so. OSARA ta yi dabara a nan, domin ana iya gaya mata iyaka, in sauti ya kai wurin ta yi gargaɗi da baki. Wajen fitar da aiki kuma babu buƙatar kallo, lamba ake rubutawa, kamar -23 da ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta tsayar a 2010, manhaja ta daidaita shirin duka a kanta. Kamfanin Zoom na Japan ma ya fitar da ƙananan rakodoji a 2024 masu karanta jerin umarninsu da murya, waɗanda kuma ba a saita musu ƙarfin ɗauka sam. Wuri na biyu shi ne ƙananan manhajojin ƙawata sauti da ake saya daban a jona, waɗanda galibinsu zane ne tsantsa. REAPER takan iya jero abubuwan da ake murɗawa a cikinsu a matsayin suna da lamba, amma rajistar wasunsu da girka su kan gagara sai da mai ido. Sai a haɗa da wata 'yar matsala da kowane sabon shiga ke karo da ita, watau muryar makaranci ta kutsa cikin abin da ake ɗauka, ko kuma na'urar sauti ta kame hanya ita kaɗai makaranci ya yi gum. Maganinta shi ne a sa abin ji na kunne, a kuma raba hanya, makaranci ya bi ta cikin kwamfuta, aiki ya bi ta na'urar waje.

Sharaɗin da aka fi mantawa da shi, wanda kuwa a wurina ya fi cancantar a tsaya a kansa, shi ne a tambayi wane ne ke riƙe da wannan sauƙi, kuma in ya saki wa zai ɗauka. Ƙissar manhajar SONAR ta isa wa'azi. Shekaru da dama ita ce abar tinƙahon makafi mawaƙa a Windows, saboda wani ƙari mai suna CakeTalking da kamfanin Dancing Dots ke sayarwa, wanda ke koya wa JAWS hanyoyinta. A ƙarshen 2010 masu SONAR suka sake mata fuska gaba ɗaya, ƙarin ya daina dacewa, makafi suka maƙale a kan tsohuwar fitowa ta 8.5 shekara da shekaru, duniya tana wucewa. A watan Nuwamba na 2017 kuma kamfanin Gibson da ya mallake ta ya sanar da dakatar da ita, sai a 2018 BandLab ta Singafo ta saye abin da ya rage. Mutanen da suka kashe kuɗi da shekaru wajen ƙwarewa suka koma 'yan koyo a wata manhajar. Abin da ya bambanta OSARA da wannan shi ne rubutunta a buɗe yake ga kowa, makafi ne ke aiki da ita suke kuma gyara ta, in ɗaya ya gaji wani ya ci gaba. Ita ma Audacity ta koma hannun kamfanin Muse Group a 2021, sun kuma sanar da sake gina fuskarta daga tushe, don haka mai hankali zai adana fitowar da ya saba da ita a wani wuri, kada ya sabunta ranar da yake da aiki a hannu, sai ya ji daga 'yan'uwansa da suka riga shi gwadawa.

Game da manhajojin sata da ake loda wa mutane a kasuwa, ban da abin da ke cikinsu na cin haƙƙin mai abu, wanda malamai sun yi magana a kansa, suna zuwa da cututtukan kwamfuta, ba a kuma iya sabunta su, alhali sau da yawa gyaran da makaho ke jira a cikin sabuntawar yake. Tunda NVDA da Audacity da OSARA duk kyauta ne halal, uzuri ya ƙare.

Abin da na rinjayar, bayan auna waɗannan duka, shi ne mai farawa, wanda aikinsa murya ɗaya ce, karatu ko wa'azi ko hira, ya ɗauki kwamfutar Windows ko da ta hannu ce, ya sa NVDA da Audacity, ya zauna a kansu har yatsunsa su haddace maɓallan; wanda ya yi niyyar cin abinci da sana'ar kuwa kada ya daɗe a nan, ya wuce REAPER da OSARA, ya nemi wanda ya riga shi ya yi masa talƙini, ya kuma biya dala 60 ɗin idan Allah Ya hore. Kowace aka ba shi shawara a kanta, kafin ya fitar da ko kwabo, ya jarraba ta da kansa tun daga girkawa har zuwa ajiye fayil, a kashe fuskar kwamfutar, a cire linzami, kowa ya fita daga ɗakin.

Ga shugabannin gidajen rediyo da na makarantun masu buƙata ta musamman kuwa, dokar hana nuna bambanci ga masu lalura da aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Janairu na 2019 ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki gwargwadon iko. Ku ware kwamfuta guda a ɗakin tace shirye-shirye, ku sa mata NVDA da REAPER da OSARA, in matashi makaho ya zo neman aiki ku ba shi hira mai tari da tuntuɓen harshe ya tace, sannan ku yi masa hukunci da abin da kunnuwanku suka ji.